An Juya Kan Batir, Mota Ta Yi Shiru: Ina Za a Fara Dubawa?

Da sanyin safiyar hunturu abin ya fi faruwa. Batir ya kwana cikin sanyi ƙarfinsa ya ragu, maigida na sauri ya kai yara makaranta, sai a roƙi maƙwabci ya matso da motarsa a jona. Kawunan batir sun sha ƙura, ba a bambance ja da baƙi, sai waya ta hau inda ba wurinta ba. Tartsatsi ya tashi, aka ji ƙauri, aka fizge wayar. An gyara haɗin, an murɗa makulli, shiru. Ko fitilun gaban direba ba su kawo ba.

A nan hankalin mai mota ke tashi, kuma a nan ake yawan cutarsa. Kafin a buɗe komai wani zai leƙo ya ce, "Alhaji, ai ƙwaƙwalwa ta ƙone." Sau da yawa ba haka ba ne, kuma yana yi mini ciwo in ga an tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka neman ƙwaƙwalwar mota alhali abin da ya lalace bai kai girman akwatin ashana ba.

Batirin ƙaramar mota bolt 12 ne, kuma wutarsa hanya ɗaya take bi. Kan da ke da alamar + shi ne mai jar waya, ya kuma ɗan fi ɗan'uwansa kauri. Mai alamar − an ɗaure shi da ƙarfen jikin motar. A cikin altaneta, na'urar da ke cajin batir, akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, galibi guda 6. Aikinsu kamar ƙyauren da ke buɗewa ta gefe ɗaya ne: suna barin wuta ta fita zuwa batir, suna hana ta dawowa. Da zarar an juya kan batir, ƙyauren ya koma a buɗe ta inda bai kamata ba, wuta mai ɗaruruwan amfiya ta kwararo lokaci guda. Waɗanda suka ƙera motar sun san hakan na iya faruwa, shi ya sa suka sa babban fiyus a kan hanyar. Ya narke, hanya ta yanke, sauran kayan suka tsira. Shirun da ya tsorata maigida, sau da yawa alamar fiyus ya yi aikinsa ce.

Don haka daga batir ake farawa. A sa mita: lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6. Idan ya kumbura ko yana yoyon ruwa, an gama da shi. Daga nan sai akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota irin su Corolla da Camry babban fiyus ɗin yana ɗauke da rubutun ALT, ƙarfinsa amfiya 100 ko sama da haka, kuma a yawancinsu ba a zare shi da hannu, don an ɗaure shi da noti ta ƙasa; sai an kwance akwatin. Mai gaggawa ya sa filaya ya ja, sai ya fasa shi. A wasu motocin kuma fiyus ɗin yana manne ne a kan batir ɗin kansa. Bayan babba sai ƙanana, na inji, na makulli, na famfon mai, na rediyo, ɗaya bayan ɗaya, kuma da mita ko fitilar gwaji, domin ido na yaudara: fiyus kan tsinke ta inda ba a gani.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙo a daina. Idan ba a sami fiyus a kusa ba, sai a murɗa silin waya ko takardar azurfa ta kwalin taba a cike gurbin, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Wannan wayar ba za ta narke a lokacin da ya kamata ba. Ranar da aka sake samun matsala, wayoyin motar ne za su yi zafi a madadinta, kuma da haka mota ke kamawa da wuta. Fiyus mai amfiya 100, mai 100 ake mayar masa.

To, ta tashi. Ba a gama ba tukuna, domin dayod ɗin altaneta su ne suka fara shan dukan. Inji na aiki, mita ya kamata ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir. Idan ta tsaya a 12 da ɗan wani abu, ba a caji. Idan kuma kullum da safe batir ya kwana ya mutu, mai yiwuwa wani dayod ya lalace yana zuƙe wuta cikin dare. Kada a yarda a cire kan batir inji na aiki da sunan gwada altaneta. Dabarar zamanin kabureta ce. A motar yau, wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwar da ta tsira da farko.

Sai an ga fiyus duk lafiya, wuta na isa ga ƙwaƙwalwa, amma inji na juyawa ba ya kamawa, fitilar inji ba ta kawowa idan an murɗa makulli, na'urar bincike kuma ta kasa magana da motar, sannan ake zargin ƙwaƙwalwa. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da ramin da ake jona wannan na'ura, a ƙasan sitiyari. Ko an tabbatar, a sani cewa a mota mai makulli mai tsaro sai an daidaita sabuwar ƙwaƙwalwar da makullin kafin ta tashi.

Kuskuren kansa ba kullum wajen jonawa yake zuwa ba. Batura masu girma ɗaya suna zuwa iri biyu, misali 55D23L da 55D23R, kuma harafin ƙarshe yana nuna gefen da kawunan suke. Wanda ya sayo kishiyar nasa, ya ajiye shi yadda tsohon yake, wayoyi za su faɗa daidai a kan kuskure. Alamar da ke jikin batir ake karantawa, ba launin waya kaɗai ba. Wajen cirewa baƙi ake fara kwancewa, wajen ɗaurawa ja ake fara sawa. Wajen jonawa kuma, baƙar waya ta ƙarshe a ƙarfen inji ake maƙala ta, nesa da batir, saboda iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da tartsatsi. Kuma kada a jona ƙaramar mota kai tsaye da tirela ko tifa, domin tsarin wutar yawancinsu bolt 24 ne.