Agogon Baba: A Gyara Injin, A Bar Masa Fuskarsa

A gidaje da yawa na Kongo da Tudun Wada da cikin birnin Zazzau, idan aka buɗe akwatin tsohon da ya rasu, tsakanin takardun fansho da hotunan da suka yi ja, akan tarar da agogon hannu. Galibi ya daɗe da tsayawa, gilashinsa ya yi hazo, sarƙarsa ta saki. Wasu magada sukan ɗauke shi tarkace su miƙa wa yara. Wasu kuma, da yake sun ga labarin agogon miliyoyi a Facebook, sai su ɗauka arziki ne ya faɗo. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu kyakkyawar niyya, waɗanda ke kai shi kasuwa su ce a mayar musu da shi sabo fil. Su ne suka fi yi masa ɓarna.

Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan agoguna suka yi yawa a Zariya. Kakanninmu da rana da inuwa da kiran salla suke auna lokaci: hantsi, walaha, azahar, la'asar. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, sai ya zo da lissafin minti, domin jirgi ba ya jiran hantsi. Daga baya aka buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo a 1947, ta zama cibiyar koyar da aikin mulki a 1954, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Nan aka horar da akawuna da ma'aikatan baitulmalin En'e da alƙalai da jami'an mulkin da suka karɓi aiki daga hannun Turawa a Jihar Arewa. Ga waɗannan mutane, agogo sarkin aiki ne da gaske. Shi ke shaida cewa mutum ya shiga sahun masu albashi, kuma sau da yawa yana cikin abubuwan farko da ake saye da albashin.

Wasu agogunan kuma sun shigo ta hanyar Makka. Da zuwa hajji ta jirgin sama ya yawaita, har alhazan Nijeriya suka haura 100,000 a 1977, agogo ya zama babbar tsaraba. Kuɗin ƙarin albashi na Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 su ma sun sa agoguna a hannaye da yawa. Shi ya sa sunayen da aka fi gani a akwatunan nan ba sa wuce West End da Seiko 5 da Rado da Citizen da Orient, sai jefi-jefi Omega. Seiko 5 ya fito a 1963, kuma waɗanda aka yi wa kasuwar ƙasashen Larabawa suna nuna sunan rana da Larabci. Rado DiaStar, mai jikin da ba ya karcewa da sauƙi, ya fito a 1962.

Abin da ya raba waɗannan da agogon yau shi ne babu batir a cikinsu. Akwai wani siririn ƙarfe mai tsawo, sifirin, a naɗe cikin ɗan gwangwani. Idan ka murɗa ɗan kan da ke gefe, wato ka wana agogon, sifirin ya ɗaure. Yayin da yake warwarewa sai ya tura jerin ƙafafu masu haƙora, su kuma su tura hannayen da ke nuna lokaci. Da za a bar shi haka, da cikin ɗan lokaci kaɗan zai warware gaba ɗaya. Abin da ke riƙe shi wani ɗan zobe ne mai kai da komo, wanda ke ɗaure da sifirin da bai kai kaurin gashi ba. Duk bugu ɗaya sai ya saki haƙori ɗaya, kuma wannan ne ƙarar da kake ji idan ka kara agogo a kunne. Tsofaffin agogunan Suwizalan da yawa suna bugawa sau 18,000 a awa, Seiko 5 kuwa galibi sau 21,600, wato sau 518,400 a kwana guda. Masu wana kansu suna da wani ƙarfe mai siffar rabin wata a baya, wanda ke juyawa da motsin hannu yana ɗaure sifirin. Rubutun "17 Jewels" da ake gani a fuska yana nufin ƙwayoyin yaƙutu goma sha bakwai da aka kafa a wuraren da ƙarfe ke goga, don kada ya cinye. Yaƙutun masana'anta ne, ba shi da wani kuɗi, saboda haka kada wani ya ruɗe ka da shi.

A ƙarshen Disamban 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir, na farko a kasuwa da ke auna lokaci da girgizar ɗan dutsen kwaz. Cikin shekaru ƙalilan irinsa ya yi arha ya mamaye duniya. Masu aikin agogo a Suwizalan, da suka kai wajen 90,000 a 1970, sun koma kusan kashi ɗaya cikin uku kafin ƙarshen shekarun 1980. Wannan guguwa ta taɓa mu. Yaran masu gyaran agogo sun koma canja batir, daga baya suka koma gyaran waya. Dattijon da ya iya warware inji gunduwa-gunduwa ya mayar, yau nemansa ake yi, ko a Sabon Garin Zariya ko a Kano. Idan ka same shi, ka riƙe shi da kyau, ka kuma biya shi abin da aikinsa ya cancanta ba tare da ciniki mai tsawo ba.

Kafin ka same shi, kada ka wana agogon. Man da ke cikin inji ya bushe tun shekaru, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi ta zama kamar yashi, damina kuma ta bar laima. Tilasta masa tafiya a haka yana cinye sassan da ba a ƙera irinsu yanzu. Kada ka buɗe bayansa da wuƙa. Kada ka sa shi a ruwa ko da an rubuta cewa ruwa ba ya shigarsa, domin robar da ke tare ruwan ta daɗe da mutuwa. Ka nisanta shi daga lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu, saboda yana sa siririn sifirin ya manne, agogo ya dinga gudu. Akwai kuma maganar lafiya: agogunan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960, fentin da ke sa lambobinsu haske da dare yakan ƙunshi sinadarin radiyom, wanda sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Hasken ya mutu, gubar tana nan. A rufe cikin gilashi haɗarinsa kaɗan ne, amma kankare fentin ko shaƙar ƙurarsa ba abin wasa ba ne. Idan ka ga "T Swiss T" a ƙasan fuskar, to na baya ne, an yi amfani da wani sinadarin da bai kai wancan illa ba.

Gyaran ƙwarai yana da tsari. Ana warware injin gaba ɗaya, a wanke kowane sashe shi kaɗai, a duba shi da gilashin ƙara gani, a ɗiga man agogo ɗan mitsitsi a inda ya dace, a haɗa, a sa sabuwar roba, sannan a ajiye shi kwanaki ana lura da yadda yake riƙe lokaci. Wanda ya tsoma injin dunƙule cikin fetur ya girgiza, ya ɗiga masa man keken ɗinki, agogon zai tashi a gabanka, amma ba zai yi nisa ba. Tambayi mai gyara yadda zai yi kafin ka miƙa. Ka rubuta lambar inji da ta bayan marfi a gabansa, ka ɗauki hoto da wayarka, ka kuma ce duk abin da aka cire a dawo maka da shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Inda nake da tsauri shi ne kan fuska da jikin agogon. Kada a sake wa fuska fenti, kada a canja hannaye, kada a goge jikin da injin gurza har ya yi ƙyalli. Gurzawa tana cin ƙarfe ta kashe kaifin gefuna, idan kuwa ruwan gwal ne, ta ɗauke shi ɗungurungum. Masu tara tsofaffin agoguna a duniya sun fi biyan kuɗi kan fuskar da ta dishe da kanta fiye da wadda aka sabunta, kuma fuskar da aka yi wa fenti tana iya zubar da babban kaso na darajar. Ko ba don kuɗi ba, karcen da ke gefen nan a hannun mahaifinka ya samu, a kan kekensa ko teburin ofishinsa. Gilashin roba da ya yi hazo ana iya goge shi ko a canja. Maɗauri ma ana iya sa sabo na fata, a adana tsohon.

Sai batun ƙima. Farko a gane ko mene ne. A Seiko, lambar da ke bayan marfi tana faɗin shekarunsa: alƙalami na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka yi shi, na biyu wata ne, daga 1 zuwa 9, sai O da N da D ga watanni ukun ƙarshe. Lambar da ta fara da 7N, a kan inji mai lamba 6309, tana nuna Nuwamban 1977 ko 1987. Omega a jikin injin take sa lambarta. Gwal na gaske yana ɗauke da hatimi a cikin marfi, kamar 750 ko 18K, 585 ko 14K. Idan aka rubuta 20 microns, ruwan gwal ne a kan wani ƙarfe. A kuma yi hattara, domin jabun Rado da Omega da Rolex sun shigo da yawa tun wancan zamani, wasu ma cikin tsarabar alhazai, ba tare da alhajin ya sani ba. Suna a fuska ba hujja ba ne, sai an ga inji.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce mafi yawan waɗannan agoguna ba su da tsada. An ƙera Seiko 5 miliyoyi, kuma kuɗin gyaransa na ƙwarai yana iya kai kuɗin sayensa ko ya wuce. Agogon Rolex Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman, da aka yi gwanjonsa a New York a Oktoban 2017 kan dala miliyan 17.8, ya kai haka ne saboda an san hannun da ya ɗaura shi, ga rubutun matarsa a bayansa, kuma ba a taɓa kamanninsa ba. Darasin da ya shafe mu a nan shi ne a adana shaida: rasit, kwali, hoton marigayin da agogon a hannu, da rubutun da wasu ma'aikatu kan zana a baya lokacin ritaya. Wajen neman farashi, a duba abin da aka sayar da irinsa a zahiri, ba abin da mai talla ya yanka a intanet ba, kuma a ji ta bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba su ne za su saya ba. Maƙerin gwal nauyi kawai zai auna, zai iya narkar da abin da ya fi gwal ɗinsa daraja.

Wannan ƙiyasi yana da nauyi a shari'a, kuma a harabar Kongo, inda tsangayar shari'a da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci suke, ana karantar da hukuncin gado. Agogo yana cikin dukiyar mamaci. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinsa, mace da namiji, babba da maraya. Al'adar da babban ɗa ke zare agogo da rawani ya ce abin tunawa ne ba ta halatta masa sai sauran sun yarda, yaron da bai balaga ba kuwa babu mai yafe rabonsa a madadinsa. Idan na gwal zalla ne, jumhurun malamai sun hana namiji ɗaura shi, don haka sai a duba ko 'yar'uwa za ta karɓa. Hanya mai sauƙi ita ce a yi masa kuɗi a gaban magada tun kafin a kai shi gyara, a rubuta, wanda yake so ya ɗauka a cire daga rabonsa, kuɗin gyaran kuma ya fito daga aljihunsa.