Parakou da Djougou: yadda ake haɗa maganin ƙwari da 'ya'yan dogon yaro

A arewacin Jamhuriyar Benin, maganin ƙwarin da aka tanada don auduga yakan ƙare a lambun tumatir da gonar wake. Jihar Borgou, wadda Parakou ke babban birninta, ta ɗanɗana illar hakan: a daminar 1999 zuwa 2000 an ba da rahoton mutuwar mutane akalla 37 sakamakon gubar endosulfan, maganin da daga baya gwamnati ta haramta. Ƙungiyar OBEPAB, wadda aka kafa a 1996, na cikin masu koya wa manoma noma ba tare da irin wannan guba ba, kuma dogon yaro na cikin manyan makamanta.

Bishiyar, wadda wasu ke kira darbejiya, 'yan Nijar kuma bedi, tana ko'ina a Parakou da Djougou. Ƙarfinta yana cikin ƙwallon 'ya'yan, inda sinadarin azadirachtin ya fi yawa. Ganyen ma yana aiki, amma bai kai ba.

Ana tsince 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman jikinsu, a shanya a inuwa har su bushe. Wanda ya yi fumfuna a zubar. A ajiye su a buhun da iska ke ratsawa, kada a leda. Ranar da za a haɗa, a daka rabin kilo a turmi, a zuba a bokiti mai lita 10 na ruwa, a motsa, a rufe ya kwana. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, domin ɗan tsaki kaɗan ya isa ya toshe bakin famfon feshi. Sai a narka ɗan sabulu a ciki don maganin ya kama jikin ganye. Turmin kuwa a ware shi, in ba haka ba tuwon gidan zai yi ɗaci.

A wajen feshi ne yawanci ake ɓata aiki. Hasken rana yana kashe ƙarfin maganin, don haka da yamma ake fesawa, lokacin da ƙudan zuma ma sun ragu. A jiƙa ƙarƙashin ganye, nan ƙwarin ke ɓuya. A masara, a zuba cikin tsakiyar ganyen da ke naɗe, inda tsutsar nan mai cinye masara, wadda ta ɓulla a Benin a 2016, take zama. Abin da aka haɗa a ƙarar da shi ranar. A maimaita duk mako, haka ma bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Manomin da ya saba ganin ƙwari sun zube nan take yakan ce dogon yaro ba ya aiki. Ya yi gaggawa. Maganin hana tsutsa ci yake yi, ya hana ta saɓa, sai ta mutu bayan 'yan kwanaki. Shi ya sa ake farawa tun ƙwarin suna ƙanana. In sun riga sun cinye kabeji, an makara. Famfon da aka taɓa zuba maganin auduga a ciki kuma sai an wanke shi sosai da sabulu, nesa da rijiya da rafi, kafin a shiga da shi lambu.