Wasannin kwaikwayo sun tada muhawara kan riƙon 'ya'ya bayan saki

A arewacin Najeriya, wasannin talabijin da ke nuna uba ya ɗauke ɗa daga hannun matar da ya saka kan raba kan masu kallo, ko da kuwa a ƙarshe uwa da ɗa sun sake haɗuwa.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, wasannin aure da saki sun ƙara shiga gidaje a garuruwa irin su Kiru da Bebeji da Tudun Wada, a kudancin jihar Kano.

Mata da dama kan ce abin da uban ya yi sata ce. Wasu magidanta kuwa na ganin mutum ba ya satar nasa, domin a al'ada da an yaye yaro akan mayar da shi gidan ubansa, sau da yawa hannun kishiyar uwa.

To sai dai mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci a jihar ke bi, ta ba uwa haƙƙin reno: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma na wuyan uba. Idan uwar ta auri bare, renon kan koma hannun mahaifiyarta ne, ba uban ba.

Lamarin ya fi tsanani idan an ƙetare iyaka da yaron, domin Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ta tanadi yadda za a mayar da irin waɗannan yara.