Yankari: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A wurin Bahaushe, gandu shi ne babbar gonar gida wadda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suke nomawa tare, kuma daga amfaninta ake ciyar da iyali, a biya haraji, a yi wa samari aure. Wato duk wanda ya zubar da gumi a gandu yana da rabo a rumbu. Da hukuma ta ari kalmar ta ce "gandun daji", sai ta ɗauki iyaka da gadi, ta bar maganar rabo. A ganina, a nan matsalar Yankari ta samo asali.

Mai karatu zai tuna cewa an keɓe dajin Yankari, wanda ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1962. Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. A cikinsa ne Allah Ya ajiye mana maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi, da Kogin Gaji inda giwaye da ɓauna da gwanki suke taruwa da rani.

Duk wanda aka damƙa wa riƙon irin wannan wuri yana da iyayen gida uku: baƙon da ya biya kuɗi don ya ga giwa, da ita kanta giwar, da kuma manomin da gonarsa ke bakin dajin. Alal haƙiƙa, baƙo ya fi samun kulawa, domin ɗakin kwana da hanya su ake iya nuna wa 'yan jarida ranar buɗewa. Giwa kuwa ta sha wuya. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta gano kusan 350, amma farautar haure ta rage su, har ƙiyasin baya ya dawo tsakanin 100 da 150. Yarjejeniyar da jihar ta ƙulla da ƙungiyar WCS a 2014 ta kawo sauƙi: an ƙarfafa sintiri, an ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu, an kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa ba da labarin fitowarsu.

Saura manomi. Yankari ba shi da shinge, kuma garken giwaye kan cinye wahalar damina guda a dare ɗaya. Mutumin da ya wayi gari ya tarar da dawarsa a kwance, alhali doka ta hana shi farauta da kiwo da saran itace a dajin, ta yaya za a sa ran ya tona asirin maharbin da ya kwana a ƙauyensu? Ma'aikatan gandu, waɗanda wasunsu suka rasa rayukansu a bakin aiki, ba za su iya tsare daji mai wannan faɗi su kaɗai ba.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga mu gane haka. Tun 2005 Ruwanda take ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin da gandayenta suke samu daga baƙi domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da su, ta kuma ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da ta yanka wa maƙwabtan Yankari kaso sananne daga kuɗin shiga, ta rubuta shi a doka yadda ba zai dogara da ganin damar wani gwamna ba. A kafa asusun biyan diyyar gonaki wanda hakimai da wakilan manoma da makiyaya za su sa wa ido. A samar wa makiyaya burtali da mashaya a wajen dajin, a kuma fifita 'ya'yan yankin wajen ɗaukar aiki. Ranar da manomin Mainamaji ya ga cewa rayuwar giwa tana ƙara masa abin sawa a rumbu, shi da kansa zai zama mai gadinta. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.