Fim ɗin da Aka Goge a Rumfar Mai Caji

A watan Satumban 2012, gero ya nuna ana shirin girbi, ina zaune a rumfar mai cajin waya a Roni rediyo ya kawo labarin wani fim na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) da aka yi a Amurka. Minti 14 aka ɗora a YouTube. Wanda ya shirya shi, Nakoula Basseley Nakoula, ɗan asalin Masar ne mazaunin Kalifoniya. 'Yan wasan ma sun ce yaudararsu aka yi, bayan an gama ɗauka aka ɗora wasu muryoyi kan nasu.

Cikinmu babu wanda ya kalla, amma ran kowa ya ɓaci. Sai wani yaro ya ce yana da shi a memori, zai tura wa mai so. Wani dattijo ya miƙa hannu ya karɓi wayar. "Kai yaro, zagin za ka raba wa jama'a? Goge shi a gabana." Yaron ya ce, "To, Baba," hannunsa na rawa ya goge.

Ranar 22 ga watan dubban mutane suka yi tattaki a Kano, aka ƙona tutar Amurka, aka watse lafiya. Na yi hamdala, don ina da aboki ɗan Katolika da ke koyarwa a Kazaure, kuma makon nan bai yi barcin kirki ba saboda fargabar rikici.

Shi ya ba ni labarin irin wannan da ya faru da Kiristoci. A 1988 Martin Scorsese ya fitar da fim mai suna The Last Temptation of Christ, Kiristoci suka ce an ci mutuncin Annabi Isa. 'Yan Katolika suka yi cincirindo a ƙofar silima suna addu'a, ƙasashe irin su Chile da Ajantina suka hana nuna shi. A Faris wasu masu zafin kai suka cinna wa silimar Saint-Michel wuta, fiye da mutum 10 suka jikkata. Abokina ya ce ciwon fim ɗin har yanzu yana ransa, amma wutar nan kunya ta ba shi.

Ni dai ina bayan dattijon. Ban taɓa ganin fim ɗin da yaron ya goge ba, kuma duk wanda ya zauna a rumfar ran nan, ban ji ya sake nemansa ba.