Dalilin Da Ke Sa Motar Gudu Ta Kama Karkarwa Bayan An Yi Mata Kwaskwarima

Daga cikin motocin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Ikko daga Amurka akwai Ford Mustang, musamman ƙirar 2005 zuwa 2014, wadda samari masu sha'awar gudu ke rububi. Da wuya ka ga an bar ta yadda kamfani ya ƙera ta. Wani ya sa mata gajerun sifirin don ta kwanta ƙasa, wani ya sauya giyar aksul na baya, wani kuma ya cire farfelarta mai gaɓa biyu ya ɗaura ta alminiyom mai gaɓa ɗaya, wadda nauyinta kusan rabin na waccan ne. Sai an hau babbar hanya, an kai kilomita 100 ko 120 a awa, sa'an nan a ji kujera na ɓari, madubi na rawa, wani gurnani kuma na tasowa daga ƙasa.

Abin da aka fi yi shi ne a garzaya wurin mai gyaran taya, kuma galibi asarar kuɗi ce. Taya mai matsala takan girgiza mota a hankali, don kuwa a gudun kilomita 120 tayar wannan mota sau 15 kacal take juyawa a daƙiƙa. Farfela kuwa, in giyar aksul 3.55 ce, tana juyawa wajen sau 55 a daƙiƙa, wato kusan 3,300 a minti. Saboda haka karkarwarta ba jijjiga ba ce, tsuma ce mai kama da zugar zuma, wadda ake ji a ƙasan mota da kujera fiye da sitiyari.

Bakanike mai hankali yakan fara da raba masu laifi. A tsaye, giya na firi, sai a taka totur. In karkarwar ta zo, to maganar inji ce ko kuloci, ba ruwan farfela. In ba ta zo ba, sai a hau hanya a kai gudun da take tasowa, a sa firi, a bar mota ta gangara. In ta ci gaba alhali inji ya lafa, laifin yana tsakanin giyabos da tayu. In kuwa tana tsananta sa'ad da aka taka totur, ta ragu da an ɗaga ƙafa, to a tuhumi kusurwa.

A nan ne maganar take, domin nan ne yawancin garejinmu ke tuntuɓe. Mahaɗin nan da makanikai ke kira kuros yana da wata ɗabi'a wadda masanin Ingila Robert Hooke ya bincika tun ƙarni na 17, tun kafin Clarence Spicer na Amurka ya soma ƙera shi domin motoci a 1904. Muddin a karkace yake aiki, ba ya miƙa juyi daidai wa daida: a kowane zagaye sai ya yi sauri sau biyu, ya yi sanyi sau biyu. Maganin abin shi ne kuros na biyu a ɗaya ƙarshen, wanda zai warware abin da na farko ya ƙulla. Amma da sharaɗi biyu. Dole kusurwoyinsu su zo ɗaya, kuma kunnuwan da ke riƙe da su a kan farfela su kasance a layi guda. Ƙa'idar da kamfanin Spicer ke bayarwa ita ce kada kusurwar kowane kuros ta wuce digiri 3, kada bambancin da ke tsakanin biyun ya haura digiri 1, kana kada a mai da ita sifili, a bar ko da rabin digiri don ƙananan boris da ke ciki su riƙa motsi, maiko na zagayawa.

To, farfelar da Ford ya sa wa wannan mota tana da wani irin mahaɗi a baya wanda ba ya damuwa da 'yar karkata. Da an cire ta an sa mai kuros gaba da baya, kuma ga mota an kwantar da ita, sai bakin aksul ya kalli wani wuri dabam, lissafin ya rushe. Ba laifin sabuwar farfela ba ne, ko da yake ita aka fi zagi. Gyaran shi ne a auna kusurwar giyabos, da ta farfela, da ta bakin aksul, mota na tsaye bisa tayunta da nauyinta duka, ba a rataye a kan jak ba. Daga nan sai a sa hannun sama na aksul irin wanda ake iya tsawaitawa ko gajartawa. Masu aikin sukan bar bakin aksul ya ɗan sunkuya da digiri 1 ko 2, saboda da an taka totur yakan ɗaga kai da kansa.

Ba abin mamaki ba ne wannan ilmi ya yi ƙaranci a wurinmu. Tsofaffin makanikanmu da yawa a kan Peugeot 504 suka koyi sana'a, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ita kuwa farfelarta a cikin bututu take, ba wanda ya taɓa bukatar auna mata kusurwa.

In kusurwa ta yi daidai amma tsumar na nan, tana ƙaruwa da gudu ko an taka ko ba a taka ba, sai a duba ko farfelar ta lanƙwashe, ko ba ta zauna sosai a mazauninta ba, ko ɗan ƙarfen da aka manna mata don daidaita nauyi ya faɗi. Wani lokaci kwance ta a juya ta rabin zagaye a sake ɗaurewa ya wadatar. Wanda ya sa robobi masu tauri a madadin na kamfani kuwa, sai ya yi haƙuri da wani abu daga cikin ƙarar, don shi ya cire matashin da ke shanye ta.

Akwai wadda ba a yi wa haƙuri. Kowace farfela tana da iyakar juyin da in ta kai sai ta soma lilo kamar igiya, kuma iyakar tana raguwa gwargwadon tsawonta. Dalilin da ya sa kamfani ke raba ta biyu ke nan. Wanda ya mai da giyar aksul daga 3.55 zuwa 4.10, a kilomita 120 farfelarsa na juyin da dā sai a kusan 140 take yi. In ta tsinke ta gaba, kanta zai iya cakar kwalta ya ɗaga bayan mota, ko ta fasa ƙasan mota ta shigo wa direba. Shi ya sa hukumar tseren motoci ta NHRA a Amurka ta wajabta wa motoci masu tsananin gudu wani zoben ƙarfe da ke kewaye farfela, inci 6 ko ƙasa da haka daga kuros na gaba. A ganina duk wanda ya iya sayen farfelar alminiyom, kuɗin wannan zobe ba zai gagare shi ba.