Asabar Ɗin Dattawa A Filin Ƙwallon Lambu

Na daɗe ina yi wa wasan golf, wanda 'yan jarida suka raɗa wa suna ƙwallon lambu, kallon hadarin kaji. A ganina na da, shagali ne na waɗanda suka ƙoshi, gadon Turawan mulki da manyanmu suka runguma tare da kwat da shayin la'asar. Ban ɓoye wannan ra'ayi ba ko a gaban ɗalibaina. Sai ga shi larura ta kai ni filin. Likitan ido ya hana kawuna tuƙi bayan an yi masa aikin yanar ido, shi kuwa ya rantse ko ana ha maza ha mata ba zai rasa haɗuwar ƙungiyarsu ta dattawan 'yan golf ba. Na zama direbansa na Asabar uku. An wayi gari yanzu idon ya warke tuntuni, amma ni ban daina zuwa ba.

Ƙungiyar ta ƙunshi mutanen da suka haura shekara 55, daga kulob-kulob na Kano da Kaduna da Zariya da Jos. Kowane rukuni yana da ranakun wasansa a garinsu, sannan lokaci-lokaci su yi gangami a gari ɗaya, wannan karon nan, wani karon can. Akwai tsofaffin manyan sakatarori da hafsoshin soja a cikinsu, wannan gaskiya ne. Amma na tarar da tsohon injiniyan jirgin ƙasa, da malamin sakandare mai ritaya, da wani ɗan kasuwar fata wanda bai taɓa zama a aji ba sai na allo. Sandunan mafi yawansu na gwanjo ne, wasu ma sun girmi ɗalibaina na ajin ƙarshe.

Ana idar da sallar asuba muke kama hanya. A lokacin hunturu, hazo yakan lulluɓe filin har ba ka hango tutar ramin farko, dattawan kuma suna tsaye cikin rigunan sanyi, ana zuba shayi daga fulas, ana tsokanar juna. Ranar da na fara zuwa, kawu ya gabatar da ni da cewa, "Ga ɗana nan, Dakta ne, shi ne mai cewa mu 'yan bokon da suka rasa aikin yi ne." Aka kwashe da dariya. Ɗan kasuwar fatan ya miƙo mini kofi ya ce, "Dakta, ai ba ka yi ƙarya ba. Rashin aikin yi shi ne ciwon, nan kuwa asibitinsa." Na ɗauki maganar a matsayin raha. Sai daga baya na fahimci iyakar gaskiyarsa ya faɗa.

Ga wanda bai san wasan ba, tsarinsa ba shi da wuyar fahimta, aikata shi ne jidali. Fili yana da ramuka 18, adadin da ya samo asali daga filin Sant Andurus na ƙasar Sikotilan, inda aka daidaita shi haka a 1764. Ana buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda daga mafari har ta faɗa ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba, kuma wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba. A ƙasashen da ruwa ya wadata, kewayen ramin lallausar ciyawa ce da ake yi wa aski kullum. A filayen Arewa da dama kuwa, yashi ne ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, kuma kafin mutum ya gangara ƙwallonsa sai an share masa hanya ta yi sumul. Dabara ce ta ƙasar da rani ya fi damina tsawo. Filin Rayfield na Jos, wanda aka kafa a 1913 zamanin da haƙar kuza ke tashe, shi ake ɗauka mafi daɗewa a Nijeriya, saboda haka wasan ya girmi haɗewar Kudu da Arewa da shekara guda.

Abin da ya fara sauya mini tunani shi ne tsarin rangwame da suke kira handikaf. Kowane ɗan wasa yana da lamba gwargwadon ƙwarewarsa, kuma ana cire masa wannan adadi daga jimillar bugunsa. Wanda lambarsa 18 ce, an yafe masa bugu ɗaya ke nan a kowane rami. Tun 2020 aka haɗe tsare-tsaren ƙasashe daban-daban suka zama ɗaya a duniya, lamba mafi girma kuwa ita ce 54. Ma'anar wannan ita ce dattijo mai shekara 78 da gwiwa ke damunsa yana iya karawa da mai shekara 56, kuma ya kayar da shi ba tare da an yi masa alfarma ba. Na duba sauran wasannin da muke yi, daga ƙwallon ƙafa zuwa dambe da kokawa, ban ga wanda ya tanadar wa tsufa gurbi irin wannan ba. A can, ƙarfi na ƙarewa sai ka koma ɗan kallo.

Abu na biyu shi ne babu alƙalin wasa da ke bin su. Abokin karawarka ne ke rubuta maka makinka a kati, kai kuma kana rubuta nasa. In ƙwallonka ta motsa a cikin ciyawa sanadiyyar taɓawarka, ko da babu wanda ya gani, kai za ka faɗa, a ƙara maka bugun tara. Masu tarihin wasan har yau suna ambaton Bobby Jones, wanda ya yanke wa kansa irin wannan hukunci a babbar gasar Amurka ta 1925, ya kuma rasa kofin daga baya da ƙyar. Na ga kwatankwacin haka da idona, ranar da tsohon injiniyan nan ya fito daga bayan wata bishiyar darbejiya ya ce wa kawu, "Alhaji, ƙara mini ɗaya, ta gusa." Babu kuɗi a wasan, babu kofi. Ni da na shafe shekaru ina gadin jarrabawa ina ƙwace takardun satar amsa, na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Ba na cewa duk ɗan golf waliyyi ne. Su da kansu suna da labarin wani da aka daina gayyata saboda ƙwallonsa ba ta taɓa ɓata a daji, kullum sai a tsince ta a wuri mai kyau. Hukuncinsa ke nan, aka daina kiransa, kuma sun ce ya fi tara ciwo.

Sai dai ainihin aikin ƙungiyar ba a fili yake ba. Yana cikin wani littafi mai baƙin bango da sakatarensu, malamin sakandaren nan, yake riƙewa. Kowane wata ana zuba kuɗin ƙungiya, ana kuma ware wani kaso domin taimakon juna. Daga nan ake zuwa dubiya da ta'aziyya, daga nan ake tallafa wa wanda kuɗin magani ya fi ƙarfinsa, a asirce, ba tare da an ambaci sunansa a taro ba. Suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: duk wanda aka rasa gani Asabar biyu a jere ba tare da ya aiko da uzuri ba, sai an tashi mutum biyu sun je gidansa. Kawu ya ba ni labarin wani abokinsu da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma duk suna Abuja da ƙasashen waje. Da aka je, sai aka tarar hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya fara shanyewa, maigadi kaɗai ke kula da shi, shi ma bai san abin yi ba. Su suka kai shi asibiti, su suka kira 'ya'yan. Yanzu ba ya iya riƙe sanda, amma ana ɗauko shi ya zauna a inuwa, kuma shi ne mai karɓar katunan maki.

A nan ne nake ganin batun ya wuce wasa. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Mu malaman jami'a an ɗaga mana zuwa 65, farfesoshi kuma 70. Muhawararmu a kan ritaya kullum ba ta wuce fansho da giratuti, kuma dole ne a yi ta, domin yunwa ba ta jira. Amma ba mu cika tambayar abin da mutum zai yi da wuninsa ba. Muna taƙama da cewa tsoho a ƙasar Hausa ba ya kaɗaici, akwai zaure, akwai majalisa, akwai jikoki. Haka abin yake a cikin gari da ƙauye. Amma wanda ya yi shekara 35 ana yawo da shi daga wannan jiha zuwa waccan, ya dawo ya gina gida mai doguwar katanga a sabuwar unguwa inda bai san maƙwabcinsa ba, wace majalisa yake da ita? Jiya waya ba ta barinsa barci, yau sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. Na san manya da dama da ba su yi shekara uku da barin ofis ba suka rushe, ba don talauci ba.

Ta fuskar lafiya ma akwai abin dubawa. Wanda ya zagaye ramuka 18 da ƙafa yakan yi tafiyar da ta haura kilomita 6, cikin kimanin awa huɗu, a hankali, ba gudu ba haki. Wani nazari da masana na cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka yi a kan 'yan golf kusan 300,000 ya nuna yawan mutuwa a cikinsu ya yi ƙasa da na sauran jama'a da kashi 40 cikin ɗari. A matsayina na malami dole in ƙara da cewa irin wannan nazari ba ya tabbatar da cewa wasan ne kaɗai sanadi, tunda mai lafiya da hali shi ya fi zuwa fili tun farko. Ajali kuma na Allah ne. Amma kawuna da ake fama da shi ya zagaya unguwa na minti goma saboda ciwon sukari, shi ne yake tafiyar awa huɗu yana bin ƙwallo, bai taɓa kiranta motsa jiki ba.

Wani abin da na lura da shi a gangamin da na raka su Jos shi ne yadda ake haɗa 'yan wasa huɗu-huɗu ta hanyar ƙuri'a. Garin da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu bisa addini, a nan na ga Alhaji da dattijon coci suna tafe suna gardama a kan ko ƙwallo ta fita iyaka. Da azahar ta yi aka dakata, masu salla suka yi, sauran suka jira a inuwa. Ba wanda ya yi jawabi a kan zaman lafiya.

Duk da haka, tsohon sukana bai mutu gaba ɗaya ba, kuma na faɗa musu a gaban idonsu. Na farko shi ne yaran da ke ɗaukar musu jaka. Yaro zai saɓa jaka mai nauyi awa huɗu, ya san kowane lungu na filin, ya san sandar da ta dace fiye da mai jakar, amma abin da ake sallamarsa da shi ya dogara ga halin wanda ya ɗauke shi. Ƙungiyar takan biya wa wasunsu kuɗin jarrabawar WAEC da JAMB, akwai ma wanda yanzu yake karatu a jami'a da tallafinsu. Wannan abin yabo ne, sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Ya kamata a yanke mafi ƙarancin ladan da ba a sauka ƙasa da shi, a kuma ware musu ranar da za su buga wasan da kansu. Lee Trevino na Amurka daga ɗaukar jaka ya fara, ya zo ya ci manyan kofunan duniya shida. Da na kawo wannan misali, wani tsohon hafsa ya ce, "Dakta, ka kawo shi a rubuce ranar taro." Na kai. An karɓi batun lada, batun ranar wasa kuma an ce a bar shi sai an tuntuɓi hukumar kulob, wanda duk ma'aikacin gwamnati ya san ma'anarsa.

Na biyu, ƙofar a ƙuntace take. Kuɗin shiga kulob ya fi ƙarfin mafi yawan 'yan fansho, mata kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Matan da suka yi ritaya daga koyarwa da aikin jinya su ma suna fama da irin wannan zaman shiru, wataƙila ma fiye. Ba lallai sai golf ba. Abin da ya kamata a kwaikwaya shi ne tsarin: rana tsayayya, wuri tsayayye, tafiya da ƙafa, asusu, da mutum biyu da za su ƙwanƙwasa ƙofarka in an rasa ganinka. Tsofaffin malaman jami'armu za su iya yin haka a filin wasannin makaranta ba tare da sun sayi sanda ko ɗaya ba.

Akwai kuma fargabar da dattawan ba sa son a tayar, wato ta filin kansa. Fili mai faɗin hekta masu yawa a tsakiyar birni, a zamanin da ake yanka makarantu da maƙabartu ana fitar da fulotai, nama ne a gaban kura. Da can ina cikin masu cewa a raba wa jama'a. Yanzu na san in aka yanka, ba talaka zai samu ba, shaguna da rukunin gidaje za su tsiro, bishiyoyin da suka shekara saba'in kuma su zama itacen girki. Amma hujjar kare filin ba za ta yi ƙarfi ba muddin mutanen da ke kewaye da shi ba su da rabo a ciki. Na ba su shawarar a buɗe wa masu tattaki gefen filin da sassafe, a kuma riƙa gayyato 'yan makarantun gwamnati. Shugabansu ya yi shiru, sannan ya ce ƙwallon golf in ta sami mutum a ka ba ta tambayar ko ɗan kulob ne. Yana da gaskiya, sai an tsara hanya da lokaci. Mun rabu a kan za a auna gefen gabas a gani.

A Asabar ɗin da ta wuce kawu ya miƙo mini sanda mai lamba 7 ya ce, "Dakta, surutu ya isa, buga mu gani." Na kai duka uku ina tona ƙasa, a na huɗu ƙwallon ta tashi ta faɗa cikin kwata. Yaron da ke riƙe da jakar ya kawar da kai don kada in ga dariyarsa, sannan ya matso ya gyara mini riƙon, ya ce in daina ɗaga kai kafin sanda ta sauka. Sakatare ya buɗe baƙin littafinsa ya lissafa, ya ce saura shekara tara in cancanci shiga, amma ba laifi in fara zuba kuɗin wata tun yanzu.